Surame: Birnin Dutse da Kanta ya Gina a Yamma da Sakkwato

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mutane da yawa sun ji sunan Kanta, Sarkin Kabi, a bakin tsofaffi da makaɗa. Amma kaɗan ne suka taɓa taka birnin da ya gina. Sunan birnin Surame. Yana yamma da birnin Sakkwato, cikin Ƙaramar Hukumar Binji, kusa da gulbin Rima. Yau ba kowa a cikinsa, ya zama kufai. Duk da haka ragowar ganuwarsa ta dutse tana nan, shekara wajen 500 bayan gina ta.

Wannan bayani zai nuna wanda ya gina Surame, da abin da baƙo zai gani idan ya je, da sauran wuraren tarihi da ke kewaye. Zai kuma nuna haɗarin da ke fuskantar wurin, domin abin da ya rage na birnin yana iya ɓacewa idan ba a kula da shi ba.

Wane ne Kanta?

Muhammadu Kanta ya rayu ne a ƙarni na 16, wato shekarun da suka fara daga 1500. Labarin da aka gada daga kakanni ya ce asalinsa daga Kuyambana ne, a ƙasar Katsina ta wancan zamani. An ce ya tashi cikin makiyaya, ya yi suna wajen dambe da kokawa. Ƙarfinsa da jaruntarsa suka sa samari suka riƙa bin sa. Da haka ya tara mayaƙa, ya zauna a fadamar Rima.

A lokacin nan babbar daular yamma ita ce Songhai. Sarkinta shi ne Askiya Muhammadu, yana zaune a birnin Gawo, cikin ƙasar Mali ta yanzu. Kanta ya raka Askiya yaƙin Agadas. Da aka dawo sai rigima ta tashi a kan rabon ganima. Kanta ya ga ba a ba shi kason da ya dace ba, sai ya yi tawaye, wajen shekarar 1516. Askiya ya aiko masa da runduna, Kanta ya fatattake ta. Daga nan Kabi ta zama ƙasa mai cin gashin kanta.

Wanda ya tsokano babban sarki dole ya nemi mafaka mai ƙarfi. Shi ya sa Kanta ya gina birane masu ganuwa. Uku daga cikinsu sun fi suna, su ne Surame da Gungu da Leka. Surame ce ta zama babban birninsa.

Bai zaɓi wurin da ka ba. Fadamar Rima tana da ruwa rani da damina. Akwai kifi, akwai ƙasar shinkafa, akwai makiyayar dawaki da shanu. Fatake kuma suna ratsa yankin da kayansu. Birnin da ke da ruwa da abinci yana iya jure wa abokan gaba ko da sun daɗe suna kewaye da shi.

Yadda aka gina ganuwar

Yawancin ganuwar ƙasar Hausa da ƙasa aka yi su. Ganuwar Kano ta ƙasa ce, haka ta Katsina da ta Zariya. Abin da ya bambanta Surame shi ne dutse. Magina sun haƙo jan dutsen da ake kira marmara, suka jera shi bisa juna, suka haɗa da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. A bayan ganuwar kuma aka haƙa gwalalo, wato rami mai zurfi da ke hana doki da mahayinsa isowa jikin bango.

Ganuwar ba ɗaya ba ce. Akwai ta waje, akwai kuma ta ciki. Idan maharan sun ƙetare ta farko, sai su tarar da wata a gabansu. An yi wa birnin ƙofofi da dama, kowace da masu tsaronta. Faɗin wurin duka ya kai kimanin murabba'in kilomita 9. Wato fili ne da tsawonsa zai kai kilomita 3, faɗinsa ma kilomita 3. Mai tafiya da ƙafa zai yi awoyi kafin ya kewaye shi.

A tuna cewa a wancan zamani babu mota, babu inji, babu siminti. Da hannu aka fasa kowane dutse, da kai da bayan dabba aka ɗauko shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kanta ya sa ƙasashen da ke ƙarƙashinsa su aiko da ma'aikata, kowace ƙasa da yankin da za ta gina.

Tsofaffi suna ba da labarai a kan wannan aiki. An ce Nufawa sun iso a makare. Don horo, sai Kanta ya hana su ruwa, ya ce su kwaɓa ƙasarsu da man kaɗanya. An ce yankin da suka gina ya fi sauran tauri. An kuma ce ya tilasta wa Asbinawa su ɗauko ruwa a kan raƙuma tun daga ƙasarsu. Waɗannan labaran baka ne. Suna nuna irin ikon da Kanta yake da shi, suna kuma nuna irin wahalar da talakawa suka sha. Duk wanda ya tsaya gaban ganuwar ya kamata ya tuna da sarkin, ya kuma tuna da dubban mutanen da suka zubar da gumi, waɗanda ba a san sunansu ba.

Yaƙin Barno da rasuwar Kanta

Ganuwar ta yi amfaninta. Sarkin Barno ya taso da runduna mai yawa ya kewaye Surame, amma bai ci birnin ba. Labarin baka ya ce Kanta ya yi dabara. Ya sa aka jingina gawarwakin mayaƙa a kan ganuwa, haƙoransu a waje kamar suna dariya. Barebari suka hango su daga nesa, suka zaci mutanen birni ne ke yi musu dariya ba fasawa. Sai gwiwarsu ta yi sanyi, suka juya. Ana danganta kalmar nan "dariya ba loto" da wannan labari.

Kanta ya bi su har Nguru ya yi nasara a kansu. A kan hanyar dawowa aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina. Raunin ya zama ajalinsa. Mutanensa suka ɗauko gawarsa suka kawo ta gida. Wannan ya faru ne wajen tsakiyar ƙarni na 16.

Yadda birnin ya zama kufai

Bayan Kanta, zuriyarsa ta ci gaba da mulki a Surame fiye da shekara 100. A hankali ƙarfin Kabi ya ragu. Gobirawa da Zamfarawa da Asbinawa suka yi ƙarfi, suka riƙa kawo hari. A farkon shekarun 1700 Kabawa suka bar Surame. Sarkin Kabi Tomo ya koma kudu ya zauna a Birnin Kebbi. A 1805 rundunar jihadi a ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi. Daga baya sarautar Kabi ta kafu a Argungu, inda take har yanzu.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambaci biranen Kanta a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri. A lokacin da ya yi rubutun, birnin ya yi kusan shekara 100 a yashe. Duk da haka girman kufan ya ba shi mamaki. To, wurin da ya ba Bello mamaki bai kamata mutanen Sakkwato na yau su jahilce shi ba.

Abin da baƙo zai gani

Wanda ya je Surame kada ya yi tsammanin ganin gidaje masu rufi. Daji ya rufe wurin. Abin da ido zai fara gani shi ne dogayen layukan duwatsu suna bin tudu da kwari. A wasu wurare bangon yana tsaye, ana ganin yadda aka jera dutsen. A wasu wurare ya zube ya zama tsibi.

Mai rakiya zai nuna wa baƙo inda ƙofofi suke, da alamar gwalalo, da tushen gidaje, da tsofaffin rijiyoyi. Zai nuna wajen da aka ce nan ne fadar Kanta. Akwai kuma wurin da ake kira Siraɗi. An ce rami ne da ake sa wanda ake tuhuma ya ƙetare a kan wata siririyar hanya, idan ya faɗa a ce shi ne mai laifi. A ƙasa kuwa ana ganin tsingaro, wato fasassun tukwane da matan birnin suka yi girki da su.

Tsingaro abin banza ne a idon mai wucewa, amma a wurin masana tarihi shaida ce. Da shi suke gane irin tukwanen da aka yi amfani da su, da zamanin da aka yi su, da garuruwan da aka yi ciniki da su. Amfaninsa yana ga barinsa inda yake. Idan an ɗauke shi an kai wani wuri, shaidar ta lalace.

Gwamnatin Nijeriya ta sa Surame cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ce ke da alhakin wurin. A 2007 aka sa sunan Surame cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a matsayin gadon duniya baki ɗaya. Sukur ta Jihar Adamawa, mai gine-ginen dutse a kan tsauni, ta sami wannan matsayi tun 1999. Kafin wuri ya samu, sai an tabbatar ana kula da shi sosai.

Shirin tafiya

Matambayi ba ya ɓata. Mai son zuwa Surame ya fara da ofishin gidan tarihi na ƙasa da ke cikin Sakkwato. A nan zai sami bayani a kan hanya da mai rakiya. Idan ya isa yankin, ya je ya gaida hakimi ko mai gari, ya faɗi abin da ya kawo shi. Baƙo ba ya shiga dajin mutane ba sallama.

Maganar tsaro ita ce kan gaba. A shekarun baya-bayan nan 'yan bindiga sun addabi wasu ƙauyuka na yammaci da arewacin Jihar Sakkwato. Don haka kada kowa ya kama hanya sai ya tambayi hukuma da mutanen yankin halin da ake ciki. Idan sun ce a dakata, a dakata. Dutsen da ya yi shekara 500 zai jira wata guda, rai kuwa ba a sake shi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. A lokacin an gama aikin gona, hanya ta bushe, ciyawa ta ragu, kuma akwai sanyi. Da damina hanya takan ɓaci, ciyawa ta rufe duwatsun. Da bazara kuwa zafin Sakkwato ba ya bari a yi doguwar tafiya a fili.

A tashi da sassafe, a dawo kafin la'asar. A tafi cikin ƙungiya. A riƙe ruwan sha isasshe da guzuri. A sa takalmi mai rufi saboda ƙaya da kunama, a riƙe sanda saboda maciji yana son tsibin duwatsu. Mutanen ƙauye ɗaya suna iya haɗa kuɗi su ɗauki mota guda, nauyin ya yi sauƙi. Mai rakiya kuma a sallame shi da alheri, domin ya bar aikinsa ne.

Wuraren tarihi a cikin Sakkwato

Tun da ta Sakkwato ake bi, ya kamata a ware yini guda don ganin birnin. Muhammadu Bello ne ya kafa shi a 1809, kimanin shekara 100 bayan an bar Surame.

Wuri na farko shi ne Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake. Shehu ya dawo Sakkwato daga Sifawa a 1815, ya rasu a 1817. A nan kusa aka binne 'yarsa Nana Asma'u, malama mai rubuta waƙoƙi, wadda ta kafa tsarin 'yan taru don karantar da matan karkara. Ta rasu a 1864. Maza da mata suna zuwa ziyara daga wurare masu nisa. Ana shiga da ladabi da sutura ta kamala, a yi wa mamata addu'a, a fita ba hayaniya.

Ba nisa daga nan akwai Masallacin Shehu, da Masallacin Sarkin Musulmi Bello, da Fadar Sarkin Musulmi. Lokacin sallah ƙarama da babba ana ganin dawaki da mahaya cikin ado a ƙofar fada.

Sai gidan adana tarihi na Waziri Junaidu. An sa masa sunan Wazirin Sakkwato Junaidu, babban malami kuma masanin tarihi, wanda ya rasu a 1997. A ciki akwai tsofaffin littattafai da wasiƙu da aka rubuta da hannu, da makamai, da kayan sarauta. Wanda zai je Surame zai amfana idan ya fara da nan.

Tsohon birnin Sakkwato yana da ƙofofi takwas: Ƙofar Kware, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku, Ƙofar Aliyu Jeɗo, Ƙofar Kaɗe da Ƙofar Dundaye. Akwai darasi a nan. Ganuwar Sakkwato ta ƙasa ce, kuma ta girmi kakannin mutanen yau da kaɗan ne kawai idan aka gwada da ta Surame. Amma gine-gine sun cinye mafi yawanta. Sunayen ƙofofin ne suka rage a bakin jama'a.

A bayan tsohuwar ganuwar akwai Giginya. A nan ne rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ta kara da sojojin Turawan Ingila ranar 15 ga Maris, 1903. Filin wasa na Giginya yana ɗauke da sunan wurin.

Wurno da Argungu

Mai sauran lokaci yana iya zuwa Wurno, arewa maso gabas da Sakkwato. Bello ya gina ta don tsaron iyaka, ya zauna a cikinta, a can kuma aka binne shi a 1837.

Wanda kuwa yake son ƙarasa labarin Kanta, sai ya nufi Argungu a Jihar Kebbi, kimanin kilomita 100 daga Sakkwato. A can akwai Gidan Tarihi na Kanta. Ginin tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce har zuwa 1942. An mai da shi gidan tarihi a 1958. A ciki akwai masu da takubba da kwari da baka da tambura da kayan su. A Argungu ne kuma ake bikin kamun kifi. Bikin ya samo sunansa ne daga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara, aka ƙarfafa zumunci tsakanin Sakkwato da Kabi bayan tsohuwar gaba. A 2016 UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Abin da ke kashe kufai

Rundunar Barno ta kasa rushe ganuwar Surame. Abin da zai iya rushe ta yau ƙanana ne, kuma a hankali suke aiki.

Na farko ruwan sama ne. Kowace damina yana wanke ƙasar da ta riƙe duwatsun. Na biyu saiwar itace, wadda ke shiga tsakanin duwatsu ta tsaga bango. Na uku wutar daji. Tana ƙone ciyawar da ke riƙe ƙasa, sai zaizaya ta biyo baya. Na huɗu garken dabbobi, idan suna hawa bango suna tunkuɗe duwatsu.

Na biyar, wanda ya fi duka, shi ne hannun ɗan Adam. Mutum yakan ce dutse ɗaya ne kawai zai ɗauka ya yi tushen ɗaki ko murhu. Idan mutum ɗari suka faɗi haka, bango ya tafi. Wani yakan haƙa rami yana neman dukiyar da ya ji an binne. Ba ya samun komai, sai dai ya ɓata shaidar da masana za su karanta. Wani kuma yakan sayar wa baƙo tsohon kaya a kan kuɗi kaɗan, kayan ya bar ƙasar har abada. Dokar ƙasa ta 1979 ta hana rushe wurin tarihi, da haƙa a cikinsa ba izini, da cinikin kayan tarihi. Wanda aka kama zai fuskanci hukunci.

Aikin da ke kan jama'a

Ma'aikatan gwamnati ba za su iya tsare fili mai faɗin haka dare da rana ba. Masu tsaron gaskiya su ne manoma da makiyaya da mafarauta da masu itace da ke zaune kusa. Su ne ke ganin wanda ya shiga da wanda ya fita.

Manomi ya tsayar da garmarsa nesa da bango. Makiyayi ya bi da dabbobinsa ta inda hanya take. Mafarauci ya bar cinna wa daji wuta. Wanda ya tsinci tsohon kaya ya bar shi a wurin, ya sanar da mai gari, mai gari ya sanar da hukuma. Baƙo kuma kada ya hau bango, kada ya rubuta sunansa a jikin dutse, kada ya sa komai a aljihu. Hoto ya ishe shi tsaraba.

Akwai amfani a cikin wannan. Wurin tarihi da aka kula da shi yana jawo baƙi idan zaman lafiya ya samu. Baƙo yana bukatar mota, da abinci, da ruwa, da mai rakiya, da tsarabar fata ko tabarma. Kuɗin nan a hannun mutanen karkara yake zama. Kufan da aka kwashe duwatsunsa kuwa ba wanda zai yi tattaki don ganinsa.

Akwai kuma wani gado da ya fi dutse saurin ɓacewa, shi ne labarin da ke kan tsofaffi. Duk tsohon da ya rasu yakan tafi da abin da ya sani. Matasan ƙauyukan da ke kewaye su zauna da kakanninsu, su tambayi sunayen ƙofofi da rijiyoyi da unguwannin Surame, su rubuta a takarda su adana.

Mutanen da suka gina Surame ba su bar wa na baya kuɗi ba. Sun bar shaidar cewa a wannan ƙasa an yi masu dabara da juriya, waɗanda suka tsara birni suka tashe shi da dutse tun kafin zuwan Turawa da shekaru ɗaruruwa. Kowane uba da ya sami hali, idan hanya ta yi lafiya, ya kai 'ya'yansa su gani da idonsu. Ya kuma tabbatar sun bar kowane dutse a inda suka same shi.